Idan Ƙoda Ta Tsaya Farat Ɗaya: Abin Da Za Ku Yi Daga Ranar Farko Zuwa Kwana 90

A bazarar da ƙanena ya kwanta, babu wanda ya kawo maganar ƙoda a ransa a gidanmu. Gudawa ce ta kama shi yana aikin gini a tsakar rana, ya yi kwana biyu yana zarya tsakanin ɗaki da bayi, jikinsa duk ya yi tsami. Aka kai shi kemis, aka yi masa allurar kashe ciwon jiki har sau biyu, aka haɗo masa ƙwayoyi a leda. A rana ta uku da hantsi na shiga duba shi, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, kamar mai jin nauyi, "Yaya, ni fa tun jiya da azahar ban yi fitsari ba, kuma ba na ma jin sa." Ni ma'aikacin jinya ne, don haka wannan maganar ta fi gudawar tayar mini da hankali nesa ba kusa ba.

Kafin magariba muna asibiti. Da sakamakon jini ya fito, likita ya ambaci wankin ƙoda, sai Inna ta sulale ta zauna a ƙasan baranda ta ja mayafi ta rufe fuska. A saninta, duk wanda aka fara yi wa wankin ƙoda sai a sayar da gona, a sayar da gida, daga ƙarshe a dawo da gawa. An yi wa yaron wanki sau huɗu. A rana ta 11 fitsari ya dawo. Daminar da ta biyo baya da shi aka yi shuka.

Abin da Inna ta sani gaskiya ne, amma game da wani ciwon daban. Akwai ciwon ƙoda mai cin mutum a hankali, shekara da shekaru, yawanci ta hanyar hawan jini ko ciwon suga, har ƙodar ta tsuke ta ƙanƙance. Wannan ba ya komawa baya, sai dai a rage masa gudu. Akwai kuma ciwon ƙoda na farat ɗaya, wanda ke faɗa wa mutum cikin awoyi ko 'yan kwanaki, sau da yawa mutumin da ƙodarsa lafiya lau take a makon jiya. Wannan na biyun ana warkewa daga gare shi, in aka kama shi da wuri, aka cire abin da ya jawo shi, aka kuma ci gaba da lallaɓa ƙodar har wata uku. Likitoci sun raba lokacin kashi uku: kwana 7 na farko su ne na raunin kansa, daga kwana 7 zuwa 90 lokaci ne da ƙoda ke ƙoƙarin farfaɗowa, in kuma aka wuce kwana 90 ba ta koma daidai ba, an shiga ciwo mai daɗewa. Duk aikin iyali yana cikin waɗannan kwanaki 90.

Mataki na farko: ku duba fitsari, ku auna shi

Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan mitsi-mitsin matatai kusan miliyan ɗaya. Su biyun suna karɓar kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa, suna tace ruwa kimanin lita 180 a kwana ɗaya, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Gaɓar da ke rayuwa da jini mai yawa haka, da zarar jinin ya ragu ita ce ta farkon jigata. Matsalar ita ce ƙoda ba ta yin ciwo irin na haƙori. Mutane da yawa suna jiran ciwon baya ko na kwiɓi, alhali mafi yawan masu wannan larura ba sa jin komai a wurin. Fitsari ne ke fara ba da labari.

Saboda haka duk wanda ke kwance da zazzaɓi mai zafi, ko amai da gudawa, ko mace da ta zubar da jini wurin haihuwa, ku riƙa tambayarsa kai tsaye: yaushe rabonka da fitsari? Na san kunya na hana ɗa ya yi wa mahaifiyarsa wannan tambaya, ko suruka ta yi wa surukinta. To a sa wanda zai iya. Kada ku tsaya a "ya yi" ko "bai yi ba". Ku samo robar ruwa da kuka san cikinta, ya riƙa yi a ciki ko a juye a ciki, ku rubuta lokaci da yawansa. Ledar fiyawata ɗaya rabin lita ce, wato mililita 500. Babban mutum da bai kai cikin leda ɗaya ba a awa 24, akwai matsala. Ma'aunin likitoci ya fi wannan tsauri: rabin mililita ga kowane kilo na nauyin jiki a kowace awa. Mai kilo 60 ya kamata ya fitar da aƙalla mililita 30 a awa, wato 180 a awa shida. In ya kasa haka awa shida a jere, an fara zargin ƙoda. Ga jariri kuwa, in nafkin ya wuni a bushe daga safe har azahar, kada a jira.

Launi ma yana magana. Fitsari mai duhu kamar shayin da ba madara, ko ja, ko mai kumfar da ba ta kwanciya, abin kai wa likita ne. Sauran alamomin suna zuwa daga baya: kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa, tashin zuciya, shaƙuwar da ta ƙi tsayawa, haki in an kwanta, yawan barci, sambatu. Akwai kuma waɗanda fitsarinsu ba ya raguwa ko kaɗan amma ƙodar ta daina fitar da datti, musamman in magani ne ya taɓa ta. Waɗannan sai gwajin jini ke tona su.

Mataki na biyu: ku tuna abin da ya faru a kwanakin nan

Likita zai fi taimakonku in kun zo masa da labari cikakke. Hanyoyi uku ne ƙoda ke tsayawa ta cikinsu, kuma kowace da maganinta.

Ta farko, jini bai isa gare ta ba. Nan ne kwalara da gudawar yara ke shiga, da zubar jini bayan haihuwa ko ɓari ko hatsarin mota, da ƙuna mai faɗi, da aiki a rana ba shan ruwa, da ƙwayar cutar da ta shiga jini ta sa awonsa ya faɗi ƙasa. A wannan hali ƙodar kanta ba ta lalace ba tukuna, ƙishi take ji. In aka mayar da ruwa ko jini cikin awoyi, takan farfaɗo cikin kwana ɗaya zuwa uku. In aka bar ta a haka, ƙananan bututun da ke cikinta su fara mutuwa, sai maganar ta koma ta makonni.

Ta biyu, wani abu ya ci naman ƙodar. A ƙasarmu zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na kan gaba, musamman irin wanda ke fasa jini har fitsari ya yi baƙi. Akwai saran kububuwa, wadda ake kira gobe da nisa, macijin da ya sa asibitin Kaltungo a jihar Gombe ya yi suna wajen kula da waɗanda maciji ya sara. Akwai jijjigar masu ciki da hawan jinin da ke zuwa kafin ta. Akwai zazzaɓin Lassa. Ga yara, mako ɗaya zuwa uku bayan ciwon maƙogwaro, ko mako uku zuwa shida bayan ƙurajen fata masu ruwa, sai a ga fuska ta kumbura fitsari ya yi duhu. Sai kuma abin da muke sa wa bakinmu da hannunmu: magungunan kashe ciwo da ake rubuta wa diclofenac, ibuprofen ko piroxicam a jikin kwali, allurar gentamicin da ake yi barkatai, da haɗe-haɗen jiƙo da tsimi na basir, na sanyi, na ƙarfin maza, waɗanda ko mai sayarwa bai san abin da ke ciki ba. A Sudan an daɗe ana kwantar da mutane saboda sinadarin rinin gashi da ake haɗawa da lalle don ya yi baƙi. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda wata guba ta gurɓata, ya kashe yara 84 a Najeriya ta hanyar tsayar musu da ƙoda. A 2022 irin wannan guba a cikin maganin tari ta kashe yara fiye da 60 a Gambiya.

Ta uku, hanyar fitar fitsari ce ta toshe. Dattijon da ya daɗe yana yunƙuri kafin fitsari ya fito, yana tashi sau biyar cikin dare, rana ɗaya sai ya tsaya cak mara ta kumbura. Ko tsakuwa ta tare hanya, ko tabon tsargiya da aka yi fama da ita tun ƙuruciya, ko ƙari a bakin mahaifa. Wannan sau da yawa robar fitsari kaɗai ke buɗe hanya, a ga lita guda ko fiye ta zubo nan take.

Ku tattara duk abin da majinyaci ya sha cikin mako biyu, kwali da kwalba da ƙullin leda, har da na gargajiya, ku tafi da su. Kada ku ɓoye don tsoron faɗan likita. Na sha ganin an ɓata kwana biyu ana laluben dalili, alhali amsar tana cikin jakar mai jinya.

Mataki na uku: kafin a isa asibiti

In amai da gudawa ne, kuma mutum yana iya haɗiya, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun daga zawon farko. Na fakiti ya fi. In babu, a zuba cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, a shafe bakin cokalin ba tsororuwa, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi ba ƙaƙƙautawa. A dakatar da duk magungunan kashe ciwon da na ambata. In zazzaɓi ko ciwon jiki ya matsa, farasitamol ya wadatar.

Ga inda mutane ke yin kuskure da kyakkyawar niyya. Sun ji an ce ruwa na wanke ƙoda, sai su yi ta ɗura wa wanda fitsarinsa ya riga ya tsaya, ko a kira wani ya ɗaura masa ƙarin ruwa leda bayan leda a gida. Wanda jikinsa ya bushe, harshe ya ƙafe, ido ya faɗa, shi ke buƙatar ruwa. Wanda ya kumbura yana haki, ruwan da aka ƙara masa huhu zai tafi, kuma yana iya kashe shi a daren. In an ba da ruwa na 'yan awoyi fitsari bai motsa ba, a daina gwaji a gida, a nemi mota. Ku nufi babban asibitin da ke da ɗakin gwajin jini, ba wurin da za a sake yi muku allura a sallame ku ba.

Mataki na huɗu: a asibiti, ku san abin da ake aunawa

Gwajin da komai ya rataya a kansa shi ne na kiriyatinin, wani datti da tsoka ke fitarwa kullum, ƙoda kuma ta kwashe shi. In ƙoda ta tsaya, sai ya taru. A babban mutum mai lafiya yakan tsaya tsakanin 0.6 da 1.2 mg/dL. Ku lura da ma'aunin da aka rubuta a gefen lambar, don ba ɗaya ba ne ko'ina: yawancin ɗakunan gwaji a Najeriya suna amfani da µmol/L, inda 1 mg/dL ke daidai da kusan 88, a Nijar kuwa za ku ga mg/L, inda 1 ke zama 10. Na taɓa ganin iyali sun firgita da ganin 95 a takarda, alhali lafiya ƙalau ce. Bisa ƙa'idar da likitocin ƙoda na duniya suka fitar a 2012, in lambar ta hau da 0.3 mg/dL cikin awa 48, ko ta ninka sau ɗaya da rabi cikin mako guda, an samu rauni. In ta ninka sau biyu, raunin ya kai mataki na biyu ke nan. Sau uku, ko ta kai 4.0 mg/dL, mataki na uku, mafi tsanani. Kiriyatinin yana da nawa, yakan makara da kwana ɗaya ko biyu kafin ya nuna ɓarnar, don haka gwaji ɗaya ba ya isa. Ana maimaitawa ne a ga inda ya dosa.

Lamba ta biyu, wadda ni ta fi ba ni tsoro, ita ce ta fotasiyam, wani sinadari da muke samu a abinci, ƙoda kuma ta fitar da abin da ya yi yawa a jini. Daidai ɗinsa 3.5 zuwa 5.0 ne. In ya haura 6.5 yana iya tsayar da zuciya ba sallama, mutum yana zaune yana hira. Za a kuma duba fitsari a ga ko akwai jini ko furotin, wato sinadarin gina jiki, a yi gwajin maleriya, a auna yawan jini, sannan a yi hoton ciki. Hoton yana amsa tambaya biyu: ko akwai toshewa, da kuma girman ƙodar. Ƙoda mai lafiya takan kai santimita 10 zuwa 12. In an same ta da girmanta, akwai kyakkyawan fata cewa abin sabo ne. In duk biyun sun ƙanƙance, alama ce ciwon ya daɗe yana ɓoye.

Babu wata allura da ke tayar da ƙoda. Ku riƙe wannan, don za ku haɗu da masu cewa suna da ita. Abin da ake yi shi ne a kashe abin da ya jawo, maleriya a yi mata allurar artesunate, ƙwayar cuta a ba ta maganinta, dafin maciji a ba shi makarinsa, jini a mayar, toshewa a buɗe, sannan a tsare rai har ƙodar ta gyara kanta. Ko allurar Lasix da ke sa fitsari, rage ruwan jiki take yi, ba warkar da ƙoda ba.

Aikin mai jinya a nan babba ne. Ku riƙe ɗan littafi: abin da ya shiga, har da koko da romo da ruwan shan magani, da abin da ya fita. Ga wanda fitsarinsa ya ragu, sau da yawa ana ƙayyade masa ruwan yini da yawan fitsarin jiya a ƙara rabin lita a kai, amma likita ne zai faɗi adadin. Masu zuwa dubiya su ne ke karya wannan doka, kowa da lemonsa da ayabarsa da ruwan addu'arsa a jarka. Ku karɓa ku gode, ku ajiye. In ruwan addu'a ne, a ba shi kurɓi ɗaya a lissafa shi cikin na ranar, sauran a shafa masa. Kuma kowace safiya ku tambayi likita abu uku cikin ladabi: "Likita, nawa ne kiriyatinin yau? Fotasiyam fa? Cikin magungunan nan akwai wanda ya kamata a rage saboda ƙodar?"

Mataki na biyar: in an ce sai an yi wanki

Ba kowa ke kaiwa nan ba, mafi yawa ma ba sa kaiwa. Ana yin wanki ne in fotasiyam ya ƙi sauka da magani, ko ruwa ya cika huhu, ko jini ya yi tsami sosai, ko datti ya taɓa ƙwaƙwalwa har mutum ya fara ruɗewa ko jijjiga, ko kuma wata guba ce da injin zai iya cirewa. Za a sa roba a babbar jijiyar wuya ko ta matsematsi, jini ya bi ta cikin inji ya dawo. Zaman farko gajere ne, wajen awa biyu, daga baya ya kai awa huɗu. Ƙananan yara kuma akan yi musu ta cikin ciki, a zuba ruwa na musamman a fitar. Manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Maiduguri suna da sashen ƙoda, haka ma wasu asibitocin jihohi.

Abin da ke ci mini rai shi ne iyalin da ke cewa "in aka fara ba a dainawa", su ɗauke majinyaci su koma gida. A ciwon farat ɗaya injin aron ƙoda ne na ɗan lokaci, yana riƙe mutum ne har tasa ta tashi. Wani zama biyu ya ishe shi, wani shida, wani ya fi haka. Kuɗin yana da nauyi, ban raina shi ba, mu ma sai da dangi suka yi karo-karo. Amma ku tambayi likita a fili: wannan na wucin gadi ne ko na dindindin, kuma zama nawa kake hasashe? Tara kuɗin zama biyar daban ne da ɗaukar nauyin shekaru, kuma dangi sun fi sakin hannu in sun san abin yana da iyaka.

In aka sallame ku ana ci gaba da zuwa wanki daga gida, kada ku daina auna fitsari. Ku roƙa a riƙa ɗibar jinin gwaji kafin a ɗora shi a inji, ba bayan an sauke ba. Fitsari na ƙaruwa, kiriyatinin na kafin wanki yana sauka da kansa, to ƙoda ta fara dawowa, kuma lokaci ya yi da za a yi maganar rage zama ko dainawa. Robar wuya kada ruwa ya taɓa ta, kada a buɗe ta a gida. Zazzaɓi ko rawar sanyi ga mai wannan roba, asibiti ne a ranar.

Mataki na shida: ranar da fitsari ya ɓalle

Idan bututun ƙoda ne suka mutu, sababbi kan tsiro a gurbinsu, yawanci cikin mako ɗaya zuwa uku. Na tuna daren da ƙanena ya tashe ni, jakar fitsarin da ta yi kwanaki a lanƙwashe ta cika ta yi tim. Na juye, kafin asuba ta sake cika. Inna ta yi ta hamdala har da hawaye. Farin cikin a kan hanya yake, sai dai wannan lokaci yana da nasa hatsarin. Ƙodar ta buɗe amma ba ta koyi riƙe ruwa ba tukuna, tana iya zubar da lita uku, huɗu, ko fiye a rana, ta tafi da gishiri da fotasiyam. Wanda jiya ake hana shi ruwa, yau in ba a mayar masa ba sai ya bushe ƙodar ta sake faɗuwa. Dokar ta juya ke nan, kuma ba lokacin matsa wa likita a ba ku sallama ba ne. Yawan fitsari ba ya nufin an warke. Sai an ga kiriyatinin yana sauka kwana bayan kwana.

Mataki na bakwai: daga sallama zuwa kwana 90

Nan ne aka fi sakaci, don mutum ya miƙe yana cin tuwo, kowa ya koma harkarsa. Ƙodar da ta tashi daga wannan rauni kamar ƙafar da aka cire wa ɗori ce, tana taka ƙasa amma ba ta ɗaukar kaya. Kafin ku bar asibiti ku karɓi takarda mai ɗauke da dalilin ciwon, mafi girman lambar da kiriyatinin ya kai, lambar ranar sallama, da ranar dawowa. Ku nemi a sake gwajin jini cikin mako ɗaya ko biyu.

Ku zauna da likita a bi magunguna ɗaya bayan ɗaya. Masu hawan jini da ke shan lisinopril ko losartan, da masu suga da ke shan metformin, sau da yawa ana dakatar musu da su lokacin ciwon. Magunguna ne masu amfani, wasu ma suna kare ƙoda a tsawon lokaci, amma likita ne zai ce ga ranar komawa, bayan ya ga gwaji. Ku tambaye shi kuma waɗanne za a ɗan ajiye in amai ko gudawa suka sake zuwa. Magungunan kashe ciwo irin su diclofenac, a yi sallama da su. Jiƙo da tsimi da duk abin da aka ce yana "wanke ƙoda", a bar su. In za a yi hoton da ake allurar rini a jijiya, a faɗa musu tarihin tun kafin a fara.

Abinci ba ya buƙatar tsanani irin wanda mutane ke ɗora wa kansu. Gishiri ne babban abin ragewa: kada ya wuce giram 5 a rana, kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma dunƙulen miya da kanwa da yajin tsire duk a cikin lissafin suke. Mai jegon da ƙodarta ta taɓu, a ɗauke mata kunun kanwa gaba ɗaya. Ayaba, lemo, dabino, dankali, tumatir mai yawa, alayyafo da kuka suna da fotasiyam, amma ana ƙaurace musu ne kawai in gwaji ya nuna ya hau. In ya daidaita, a ci. Ganye da dankali in aka yanka aka tafasa aka zubar da ruwan farko, fotasiyam ɗinsu na raguwa. Kada a hana majinyaci nama da ƙwai da wake kwata-kwata, jikin da ya rame yana buƙatar abin gina kansa, a dai ci daidai misali. Ruwa kuma, in fitsari ya koma daidai ba kumburi, a sha gwargwadon ƙishi, a ƙara a lokacin zafi, har fitsari ya zama fari-fari.

Azumi in ya faɗo cikin waɗannan watanni, a tambayi likita kafin a ɗauka, musamman in a bazara ne. Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, kuma wanda ƙodarsa ke farfaɗowa mara lafiya ne ko da yana yawo da ƙafarsa. Ƙanena bai so ba, sai da na haɗa shi da limamin unguwarmu. Aikin ƙarfi a rana ma a koma masa sannu a hankali. A riƙa auna hawan jini ko da sau ɗaya a mako, a kwana cikin gidan sauro, zazzaɓi in ya zo a yi gwaji a ranar. Fitsari ya sake raguwa, ko fuska ta kumbura, ko haki, ko amai ya ƙi tsayawa, a koma asibiti ba sai ranar da aka rubuta ba.

Mataki na takwas: gwajin wata uku

Ko mutum yana jin kansa garau, a cika wata uku a koma a auna abu uku: kiriyatinin, furotin a fitsari, da hawan jini. Wanda ya daɗe a kwance ya zube, kiriyatinin ɗinsa na iya yin ƙasa don tsokarsa ta ragu, ba don ƙoda ta gama warkewa ba, shi ya sa gwajin fitsarin ke da muhimmanci. Sakamakon yakan faɗa ɗaya cikin uku. Wasu sun koma yadda suke. Wasu sun farfaɗo amma da saura, waɗannan sai su ci gaba da ganin likitan ƙoda, a riƙe hawan jini da suga da kyau don abin da ya rage ya daɗe. Kaɗan kuma, galibi tsofaffi ko waɗanda dama ƙodarsu na da rauni, ba sa dawowa.

Ko wanda ya warke sarai ya fi sauran mutane haɗarin sake kamuwa, da hawan jini, da ciwon ƙoda mai daɗewa nan gaba, don haka gwaji sau ɗaya a shekara ya zama nasa. Macen da abin ya same ta wurin haihuwa ta nemi shawarar likita kafin wani cikin, ta fara awo da wuri, ta kuma haihu a asibiti. Ƙanena na rubuta masa 'yar takarda da ke cikin jakar kuɗinsa har yau: shekarar da ya kwanta, lambar kiriyatinin ɗinsa ta ƙarshe, da sunayen magungunan da ba a ba shi. Duk inda za a rubuta masa magani ko a yi masa allura, ita yake fara miƙawa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.